Takin Jibrilla

A watan Afrilu na 1986 na shiga motar haya kiya-kiya daga Mubi za ni garin Uba ta'aziyya. Na gama gyara zama, na ɗaga kai, sai ga babana yana yi mini murmushi daga saman kujerar direba.

Hoto ne a kan takarda mai sheƙi, an manna ta inda duk wanda ke cikin motar dole ya gani. Ga Baba da rigar da yake zuwa coci da ita, tsaye a tsakiyar dawarsa da ta fi shi tsawo nesa ba kusa ba, rungume da wani buhu mai hoton jan zakara. An zana wata da'ira tana fitowa daga bakinsa, an rubuta a ciki: "Ni ne Kwaji, manomi a Digil. Ku dubi dawata! Takin Zakara ne sirrina." Daga ƙasa kuma: "Ku nemi wakilinmu, Mista Seth, a Sabon Layi."

A motocinmu na wancan lokaci, in dai akwai rubutu, to akwai wanda zai karanta wa sauran da ƙarfi ko ba a roƙe shi ba. Wani malamin makaranta ya karanta. Wata tsohuwa a bayana ta ce, "Kwaji na Digil? To in shi ya faɗa, haka ne." Ni kuwa kunnuwana suna ta zafi har muka isa Uba. Na san gonar nan tun ina rarrafe, kuma takin zamani bai taɓa sauka a cikinta ba ko na cikin cokali.

Bari in faɗi ko wane ne Baba a Digil, kada a ɗauka a kan ɗan hoto nake wannan kumfar baki. Baba bai yi boko ba, ko sunansa ba ya iya karantawa. Amma in manoma biyu suka yi rigima a kan iyakar gona, kafin a je wurin mai unguwa sai a ce, "A kira Kwaji." Ya san dutsen da kakan wane ya kafa, ya san aduwar da ta raba wane da wane, ya san shekarar da ruwa ya cinye kunya uku. In ya nuna da sandarsa ya ce nan ne, magana ta ƙare. Kirista da Musulmi, ba wanda ya taɓa ce masa ya rantse. Ba mu da rufin kwano, ba mu da saniya ko guda. Sunan nan shi ne duk abin da muka mallaka, kuma shi aka ɗauka aka manna a mota kamar tallar sabulu.

Sirrin dawar kuwa ba wani sirri ba ne, duk Digil an sani. Akwai wani Bafulatani mai shanu, Jibrilla. Kowace shekara bayan girbi, sauran mutane su sare karansu su yi danga ko su hura wuta, Baba ya bar nasa a tsaye. Sai Jibrilla ya koro garkensa daga bakin mayo, wato rafi, ya sauka a gonarmu. Shanu su ci kara, su kwana a wurin, bayan kwana biyu-uku ya matsar da makwancinsu gaba, har sai ko'ina ya sami rabonsa na kashi. Shekara goma sha bakwai ana haka, ba takarda, ba shaida. Matar Jibrilla ta aiko mana da kindirmo, Baba ya kai musu damin farko. Jibrilla ba ya kiran Baba da sunansa, sai dai "soobajo", wato aboki.

Da na dawo daga Uba na tarar da Baba a gindin rumbu yana gyara ƙotar fartanya.

"Baba, na gan ka a cikin mota."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Wasu ne suka zo da kyamara bara."

"Sun gaya maka abin da za su rubuta?"

Ya buga ƙotar a kan dutse sau biyu, ya juya ta, ya ce, "Ruwa ya kusa sauka, wannan fartanya bai zauna ba tukuna."

Na ɗauki shirunsa a matsayin kunyar wanda aka cuta. Na ce a raina, 'yan birni sun sami tsoho marar karatu sun riƙa masa buhu, sun ce yi dariya. Ban ƙara tambayarsa ba, don kada in tona masa ciwo. Wannan shi ne wautata ta farko, kuma ni na ƙera ta da hannuna.

Ni a lokacin ina zama a gindin wata dalbejiya kusa da gidan waya, da ɗan teburina da tafireta, ina buga wa mutane takardun neman aiki da na kai ƙara. Shekara biyu na yi a gida bayan na gama koyon buga tafireta a Yola, ba na'ura, ba aiki, sai daka da wanke-wanke da kallon ƙawayena suna wucewa da jaka. Sai a watan Nuwamban da ya gabata Baba ya shigo da ita ɗaure a bayan kekensa, an naɗe ta da buhu. Na yi kuka ranar, na ɗauka gyaɗarsa ya sayar. Tsohuwa ce, kuma tana da aibi ɗaya: harafin "a" ba ya zama a kan layi, kullum sai ya yi tsalle sama kaɗan. Masu kawo aiki suna gunaguni, ni kuwa ina ce musu in ba sa so ga hanya nan.

Ruwa ya sauka, mutane suka yi ta tururuwa zuwa Sabon Layi. Maƙwabcinmu Vandi, wanda tun da nake ban taɓa ganin ya sayi abin da bai ɗanɗana ba, ya kai awakinsa kasuwa ya dawo da buhunan zakara. Da matarsa ta yi magana sai ya ce, "Kwaji ya gwada." Haka kowa ya riƙa cewa, tun daga Digil har ƙauyukan hanyar Uba. Baba yana ji yana gani, bai ce uffan ba. Ni kuma, 'yar boko mai bakin tsiya, ban ce komai ba, don ina tsammani ko ba komai taki taki ne.

Kafin ƙarshen Yuli masara ta fara yin rawaya daga bakin ganye. Zuwa Agusta gonar Vandi kamar an watsa mata tafasasshen ruwa. Wani ya zuba ragowar takin a kwano ya jiƙa, rabi ya kwanta a ƙasa, yashi ne zalla, sauran kuma ya ɗanɗana ya ce gishiri. Aka je wurin Mista Seth. Ya fito da farar riga da biro uku a aljihu, ya ce manoman ne ba su iya zubawa ba. Ya ce, "Ku je ku tambayi Kwaji, shi me ya sa nashi ya yi kyau?" Kuma gaskiya ne, dawar Baba tana nan kore shar, ita kaɗai a duk layin, kamar da gangan.

Daga nan aka fara. In Baba ya wuce a kan keke, zauna-gari-banza su yi masa carar zakara. Mata a bakin rijiya suka sa mini suna 'yar Zakara. Duk wannan na haɗiye. Abin da ban iya haɗiyewa ba shi ne ranar da Vandi ya yi rigimar iyaka da surukinsa, wani ya ce a kira Kwaji kamar yadda aka saba. Baba har ya ɗauki sandarsa ya isa wurin. Vandi ya dube shi a gaban jama'a ya ce, "A kawo wani. Wannan ɗan talla ne." Baba ya juyo ya dawo gida, ya jingina sandar a bayan ƙofa. Ranar bai ci tuwo ba.

Bayan mako guda, ranar kasuwa, ina cikin buga wa wani takarda sai inuwa ta rufe mini tebur. Jibrilla ne, da malfarsa da sandarsa a kafaɗa. Na tashi na gaishe shi na ba shi benci. Bai zauna ba. Ya zaro wata takarda daga aljihu, ya warware ta a hankali. Tallar ce, ya ɓamɓaro ta daga wata mota.

"Liyatu, ke ce mai karatu. An karanta mini a mota, ban yarda ba. Na ce sai 'yar gida ta karanta."

Na so in yi masa ƙarya, wallahi na so. Amma na karanta masa kalma bayan kalma.

Ya ƙura wa hoton ido. Ya sa yatsa a wani wuri a gefen ƙafar Baba. Ya ce, "Nan ne farin bijimina ya kwana, kwana huɗu. Shi ya sa nan ya fi tsawo." Ya naɗe takardar ya mayar aljihu. "Shekara sha bakwai. Ko a ce shanu ma, ba sai an ce Jibrilla ba."

"Baffa, cutarsa aka yi. Bai san abin da suka rubuta ba."

"To," in ji shi. Ya sa kai ya tafi.

Ban gama takardar mutumin da nake bugawa ba. Na cire ta na ba shi haƙuri, na sa farar takarda biyar da kabon a tsakani, na fara bugawa da ƙarfin da har teburin yana rawa. In sun iya sa wa ubana magana a baki, ni ma na iya, kuma tawa gaskiya ce.

Ta farko gajeriya ce, daidai girman da'irar da ke fitowa daga bakinsa: "Ƙarya suka sa mini a baki. Kashin shanun Jibrilla ne." Na yanka su da reza, na zagaye gefensu yadda za su zauna cif a kan nasu rubutun. Na sayi ƙaro a kasuwa na jiƙa shi a kwalbar turare da ta ƙare, na jefa a jaka. Washegari na shiga mota tun kafin ta cika, na zauna bayan kujerar direba, direba na can yana shan shayi. Shafa ɗaya, dannawa ɗaya, an gama. Na sauka na ce na manta saƙo, na shiga ta gaba.

Wa zai zargi mace mai ɗankwali da jaka da littafin waƙoƙin coci a hannu? Cikin mako biyu na bi motocin Uba, na Michika, na Maiha, har da manyan da ke zuwa Yola. Da na ga hannuna ya faɗa sai na ƙara gishiri. Na buga cikakkiyar talla irin tasu, na zana saniya da jan biro a inda zakara yake:

"SABON TAKIN JIBRILLA! Babu yashi, babu gishiri. Yana fitowa da ɗuminsa kowace safiya. Ku nemi wakilinmu a bayan kowace saniya."

Sai kuma wata da na yi kamar sanarwar ƙungiyar direbobi, na manna kusa da wadda ta hana tofa yawu: "SANARWA: Fasinjan da ya sayi Takin Zakara ya zauna kusa da taga, don ya yi kukansa bai jiƙa kowa ba."

Na sha zama a cikin mota ina jin ana karantawa. Mai karatu ya fara da muryar rediyo, ya kai wurin saniya ya kasa ƙarasawa, mota ta kaure da dariya har direba yana dukan sitiyari. Ni kuwa fuska a murtuke, ina kallon taga. Ba dariya nake nema ba. So nake a ce an cuci Kwaji, kuma an fara faɗa. Na ji da kunnena wani dattijo yana cewa, "Dama na ce mutumin nan ba zai yi haka ba." Ranar har rawa na taka a bayan gidan waya.

Mista Seth ya haukace. Ya riƙa bin motoci a tasha yana ɓamɓarewa, amma ƙaro ba ya wasa, in ya ja sai takardar ta taho da rabin tallarsa. Ya manna sababbi, na bi su. Wasu ma da ban sani ba suka shiga, wani ya yi wa zakaran ƙaho, wani ya rubuta zagin da ba zan maimaita ba.  Baba dai, sau ɗaya kawai ya ga ƙaro a yatsuna, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Aiki ya yi yawa a gidan waya?" Na ce eh.

Ranar wata kasuwa a watan Oktoba, da hantsi, 'yan kamasho biyu suka zo gindin dalbejiya suka ce sarkin tasha yana kirana, kuma in zo da na'urata. Ɗaya ya kai hannu zai ɗauka, na buge hannun. Na ɗora ta a kai da kaina, na ratsa kasuwa ana kallona. Ban ji tsoro ba ko kaɗan. Na ma shirya abin da zan faɗa, na jera shi tsaf tun daga kan yashi har zuwa awakin Vandi.

Rumfar sarkin tasha, Alhaji Gabdo, ta cika maƙil da direbobi da fasinjoji da masu son ganin ƙwaƙwaf. Mista Seth yana tsaye, ya baje takarduna a kan tebur. Abin da ban shirya masa ba shi ne Baba. Yana zaune a ƙarshen benci, hularsa a gwiwa. An aika an ɗauko shi daga wurin masu sayar da gyaɗa.

Alhaji Gabdo ya ce, "Yarinya, ana zarginki da ɓata tallar da aka ba ƙungiya amana. Ke ce?"

"Ni ce, Alhaji. Kuma in an sake ni yanzu, motar da ke lodi can ita zan fara shiga."

Aka yi 'yar dariya. Na juya kan Seth na sauke masa duk abin da na tara. Na ce ya sayar wa talakawa yashi, ya ƙone musu abincin shekara. Na ce duk wannan bai ishe shi ba sai da ya sami tsohon da bai iya karatu ba ya sace masa suna. Na ce da yana da kunya da ya bar garin nan a ƙafa. Ya bar ni na gama, yana murmushi, kuma murmushin nan ya fi komai ƙona mini rai.

"Kin gama? Gud." Ya ɗauki takarda ɗaya ya ɗaga. "Alhaji, ka san yadda na gane ta? Dubi wannan harafi, yana tsalle. Shekara shida ina fama da shi a ofis. Wannan mashin ɗina ne." Ya dafa tafiretar kamar mai dafa akuyarsa. "Tambayi babanki ina ya samo."

Na ce, "Gyaɗarsa ya sayar."

"Gyaɗa!" Ya zaro wata takarda daga jaka, ya shimfiɗa. A ƙasanta ga dangwalen babban yatsa, shuɗi. "Agrimen ne, takardar yarjejeniya. An karanta mishi da Hausa, sau biyu, gaban shaidu. Shi da kanshi ya ce ba ya son komai sai mashin na rubutu. Wa ya sace wa wa suna?"

Na juya na kalli Baba. Jira nake ya ce ƙarya ne. Kalma ɗaya kawai, da duk rumfar nan ta yarda da shi, har a wannan ranar ma.

Ya miƙe a hankali. Ya ce, "An karanta mini. Na ji. Na sa hannu."

A can nesa ɗan kamasho yana kiran Uba saura mutum biyu.  Wata guda ina yawo a motoci ina rantse wa duniya cewa an cuci ubana, ashe ni ce na ci kuɗin cutar, kullum ina zaune a kanta a gindin dalbejiya.

"Baba, don me?"

"Yarinya ya gama makaranta, yana zaune a gida shekara biyu, yana daka. Ina gani. Na ce taki ne, ko bai yi amfani ba, ba zai kashe gona ba. Ban san da yashi a ciki ba. Amma na san ban zuba a gonata ba, wannan na sani."

Da a ce na rungume shi a nan, da labarin ya yi daɗin faɗa. Ban rungume shi ba. Na yi masa ihu a gaban mutane, abin da ban taɓa yi ba. Na ce wa ya aike ka? Na ce da na mutu ina daka da ya fi mini. Na ce shekara talatin kana tara suna, ka kai shi Sabon Layi ka musanya da tsohon ƙarfen da ko layi ba ya iya bi. Na ce Vandi fa, da Baffa Jibrilla? Wata mata ta riƙe mini hannu tana cewa ubanki ne, ubanki ne, na fizge. Baba yana tsaye yana karɓa, bai kare kansa da ko kalma ɗaya ba, kuma wannan ma ya ƙara tunzura ni.

Da na yi shiru don numfashi ya ƙare, sai ya matso tebur ya ɗauki ƙaramar takardar nan ta farko.

"Karanta mini wannan."

Na karanta da muryar da ta dushe: "Ƙarya suka sa mini a baki. Kashin shanun Jibrilla ne."

Ya girgiza kai. "Rabi ne gaskiya. Ba wanda ya sa mini. Ki gyara."

Seth ya ce, "Ba za ta ƙara taɓa mashin ɗin nan ba, zan kira 'yan sanda." Alhaji Gabdo ya ɗaga masa hannu ba tare da ya kalle shi ba, ya ce, "Takardarka ta ce ka ba shi. Zauna tukuna."

Na sa takarda biyar da kabon. Baba ya faɗa, ina bugawa, yatsuna suna kuskure ina komawa: "Ni Kwaji na Digil na yi ƙarya. Ban taɓa zuba wannan taki ba. Shanun Jibrilla ne." Ya ce in ƙara biyar, in ƙara biyar, har takardata ta ƙare. Ya roƙi Alhaji tawadar hatimin ƙungiya, ya dangwala babban yatsansa a kan kowace ɗaya. Ya karɓi kwalbar ƙaro daga jakata, ya fita, jama'a suka dare masa. Ya shiga motar Uba da ke lodi, ya manna a kan bakinsa na cikin hoton da hannunsa. A karkace ya manna ta. Wani ya karanta da ƙarfi kamar yadda aka saba, amma wannan karon ba wanda ya yi dariya.

Tafiretar kuwa na ɗauke ta na dire a gaban takalmin Seth, har murfinta ya ɓalle. Ba a kira 'yan sanda ba, domin direbobi sun riga sun fara kallonsa wani iri. Kafin wata ya ƙare shagonsa na Sabon Layi ya koma na mai gyaran rediyo, an ce ya yi Maiduguri. Ba a mayar wa kowa da ko akuya ɗaya ba.

Wata biyu ina dafa wa Baba tuwo ina ajiye masa ba tare da na ce ga shi ba. Na koma daka.

Aka yi girbi. Baba ya bar karansa a tsaye kamar kullum. Kowace safiya sai ya je gona ya tsaya yana kallon hanyar mayo, ya dawo. Ran nan a watan Disamba muka ji kukan shanu. Na fito, Baba ya riga ni. Garken Jibrilla ne, farin bijimin a gaba. Suka zo daidai gonarmu, Jibrilla ya ɗaga sanda ya kaɗa su gaba, suka wuce, suka sauka a gonar Vandi, wadda ko karan kirki babu a cikinta.

Na buɗe baki zan yi magana. Baba ya ce, "Daidai ne. Gonarshi ne ya ƙone." Ya shiga ɗaki ya fito da adda. Ya wuni yana sare karanmu yana ɗaurewa, da la'asar ya ɗora dami a kai ya nufi gonar Vandi, don shanun su sami abin ci. Na tsaya ina kallon wuyansa yana rawa a ƙarƙashin damin. Na ja tsaki, na yi gammo, na ɗauki ɗaya na bi shi. 

Muka sauke. Jibrilla yana kafa turaku. Ya dubi karan, ya dubi Baba.

"Sannu, Kwaji."

Ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba sai ranar. Baba ya amsa.

Jibrilla ya gyara malfarsa, ya duba gabas ya duba yamma. Ya ce, "Ban san wannan gona ba. Ina iyakarta ta tsaya, kada shanu su shiga ta wani?"

Na ga kafaɗun Baba sun miƙe. Bai zo da sandarsa ba, sai ya zaro kara ɗaya daga damin. Ya nuna dutsen da ke gindin aduwa, ya ja layi a iska har zuwa tsohon suri, ya faɗi wanda ya kafa dutsen da shekarar da aka kafa shi. Muryarsa ta dawo irin ta da.

Jibrilla ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai. Sannan ya juya, ya ɗaga murya wajen bukkar da ke can gefe.

"Vandi! Zo ka nuna mini iyakar gonarka."

Baba ya tsaya da karan a hannu. Da Vandi ya zo, dutsen nan ya nuna, da aduwar, da surin. Baba ya jira har ya gama, ya ajiye karan a gaban farin bijimi, ya ce mini saura dami shida, mu yi sauri kafin rana ta faɗi.